Numfashin Katafila

A ƙauyenmu, can gindin duwatsun lardin Nan, babu wanda bai taɓa tsayawa a rumfar Kawu Inkham ba, domin babu wanda tayarsa ba ta taɓa sacewa ba. Faci ne sana'arsa tun yana saurayi. Kayan aikinsa ba su da yawa: bahon baƙin ruwa da yake tsoma tub a ciki yana neman inda iska ke fita, da benci mai ɗingishi, da rediyon da ba ya magana sai an mare shi. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, ba ya fushi, ba ya sauri. In ka kawo masa babur da rani, zai yi maka aiki kamar na ɗan cikinsa. In kuwa da damina ka kawo, to ka zo da haƙurinka, don da zarar ruwa ya kankama hankalin Kawu ya bar rumfa, ya koma kan ƙwaro.

Ƙwaron faɗa nake nufi, baƙin nan mai sheƙi da ƙaho biyu, wanda muke kira kwang. Kowane namiji a ƙauyen ya taɓa ɗaure ɗaya da zare a jikin rake yana yaro, yawancinmu kuma mun girma mun bari. Kawu Inkham bai bari ba. Har furfura ta cika masa kai, in an ɗora ƙwari biyu a kan gungume aka fara murza ɗan sandan nan mai tsaga-tsaga don a zuga su, za ka gan shi a durƙushe, bakinsa na rawa, yana yi wa nasa magana kamar mai lallashin jika.

Ba ƙwaro kaɗai ba ne a cikin maganar, akwai Duangdi.

Duangdi mai sayar da takin zamani ne a bakin kasuwa, dogo, mai haƙorin zinariya da dariya kamar ana zubar da kwanuka. Wata ɗaya aka haife su shi da Inkham, iyayensu mata kuma suka mutu ba su daidaita a kan wanda ya riga fitowa ba. A wajenmu kuwa ko shinkafa ba ka iya ci da mutum cikin kwanciyar hankali in ba ka san wane ne babba ba. Sai suka yanke wa kansu hukunci tun suna samari: faɗan ƙarshe na kowace damina shi zai raba gardama, wanda ƙwaronsa ya sha ƙasa zai riƙa kiran ɗayan Yaya har ruwa ya zagayo. Shekarun da Kawu Inkham ya yi a jere yana kiran Duangdi Yaya sun yi yawan da yaran ƙauye suka ɗauka uwa ɗaya ta haife su. Shi kuwa Duangdi ba ya yafe ko ta rana ɗaya. Da tayoyinsa lafiyayyu zai tsaya a gaban rumfa ya yi ta danna oda.

"Ƙanena, ban ji gaisuwa ba. Ko kunnena ne ya fara tsufa?"

"Barka da safiya, Yaya," in ji Kawu, yana kallon baho.

"Yauwa, yaron kirki."

Na sha ganin wannan, kuma in faɗi gaskiya, ni ma haushi yake ba ni.

A daminar da nake ba da labari, Kawu ya kama wani ƙwaro a cikin gora bayan gidan ibada, wanda bai taɓa riƙe irinsa ba. Ƙahonsa na sama ya yi tsawon ɗan yatsa, ƙafafunsa in sun kama gungume sai ka ce an buga ƙusa. Ba ya ja da baya, turawa kawai ya sani, shi ya sa aka sa masa suna Katafila. Duk wanda aka ɗora masa sai ya ciccibe shi sama ya aje gefe. Da Duangdi ya zo kallo sai ya taɓe baki ya ce buzuzun kashi ne ya ci ya ƙoshi, amma an lura ranar bai danna oda ba. Kawu yana da wasu ƙwarin guda biyu na ajiya, sai dai kajin matarsa Buakiang sun gano inda yake rataye su. Da ya yi ƙorafi ta ce ai kajin sun fi shi sanin amfanin ƙwaro.

Ana saura 'yan kwanaki faɗan ƙarshe wayarsa ta yi ƙara yana tsakiyar faci. 'Yarsa ce, Fongchan, Fong a bakinmu, wadda ke karatu mai zurfi a wata cibiya a wajen birnin Khorat.

"Baba, aron Katafila nake so."

"Me? Layin nan ba kyau."

"Layi lafiya lau yake, ka ji ni."

Ta yi masa bayani. A cibiyar akwai wani injin haske, guda ɗaya tak, kowa layinsa yake bi. Tun bara take jira, an ba ta safiya ɗaya. Aikinta shi ne ta ɗauki hoto mai motsi na yadda babban ƙwaro yake numfashi yana raye. Waɗanda ta saya a kasuwa sanyin na'urar sanyaya ɗaki ya kashe su tun kafin ranar ta zo. In safiyar nan ta wuce, kafin layi ya sake zagayowa damina ta ƙare, ƙwari sun tafi, shekararta guda ta bi su.

"To ki kai asibiti mana. Ai su ma suna ɗaukar hoton cikin mutum."

"Na asibiti ƙashi yake gani, Baba. Ƙwaro ba shi da ƙashi, cikinsa duk ruwa-ruwa ne, hoton toka-toka kawai zai fito. Kai in kana neman huji me kake yi?"

"Tsomawa nake a ruwa."

"Kana ganin iska?"

"Wa yake ganin iska? Kumfa dai."

"To bakin kumfar kake gani, inda iska ta haɗu da ruwa. Haskenmu haka yake. In ya ratsa inda iska ta haɗu da tsoka sai ya ɗan kauce, in muka ja kyamara baya sai wurin ya fito da layi rangaɗaɗau. Mu yi ta ɗauka bi da bi da sauri, sai ka ga bututun iskar cikinsa suna motsi."

Kawu ya dubi bahonsa.

"Wato duk karatun nan faci aka koya miki."

"Kusan haka."

"Zai ji ciwo?"

Fong ba ta iya ƙarya ba, wannan kuma laifin uwarta ne. Ta ce hasken yana da ƙarfi ga abu mai rai, in an daɗe ana haska shi ƙafafunsa za su yi sanyi. Amma ita sau ɗaya za ta yi, ɗan gajere, zai dawo gida ya yi faɗansa. A duk zancen nan abin da ya shiga kunnen Kawu shi ne ƙafafu za su yi sanyi.

Buakiang da ke tsinkar ganye a bakin ƙofa ta ji komai.

"Tashi ka kai wa yarinya ƙwaronta."

"Ƙwarona dai."

"To ka bar shi. Kajina ma ba su ci nama ba kwana biyu."

Ba kaji ne suka tashe shi ba. Fong da asma ta tashi. Kowace damina ƙirjinta yakan riƙa fito kamar buta a kan wuta, shi kuma ya ajiye aiki ya ɗora ta a bencin nan mai ɗingishi, ya dafa bayanta da hannunsa mai baƙin mai, yana cewa, "Numfasa, 'yar nan. Numfasa." Ba abin da ya iya sai wannan, kuma har yau in ya tuna zuciyarsa takan yi nauyi. Yarinyar da iska ta wahalar haka, in ta girma ta ce sai ta ga inda iska ke bi, ubanta ba ya iya ce mata a'a. Ya dai iya yin gunaguni, shi kuwa ya yi shi har ya ishi maƙwabta.

Kafin tafiya ya kai Katafila gidan ibada. Tsohon malaminmu, wanda ya yayyafa ruwan albarka a kan babura da shanu da injinan casa ba adadi, ya yayyafa wa ƙwaro ba tare da ya ko murmusa ba. Kawu ya sayi fallayen zinariyar nan siraran da muke mannawa a jikin mutum-mutumin Buddha. Ya manna ɗaya a gwiwar mutum-mutumin, ya tsaya yana tunani, sauran suka shige aljihu.

Ya ƙi hawa mota mai sanyi, ya bi ta talakawa mai tagogi a buɗe, Katafila da rakensa a cikin riga. Duk lokacin da mota ta faɗa rami sai Katafila ya yi huci, matar da ke kusa da shi ta yi ta matsawa har ta kusa fita ta taga. Da ya ciro shi ya nuna mata don ta kwantar da hankalinta, sai ta tambaye shi ko da gishiri yake soyawa ko da barkono. Bai sake yi mata magana ba har Khorat.

Da safe Fong ta fita sayo musu shinkafa mai danƙo da gasasshiyar kaza, ta bar shi a ɗakinta. Kawu ya rufe ƙofa. Lissafinsa mai sauƙi ne: haske dai haske ne, ko na inji ko na rana, zinariyar da ta fito daga gidan ibada kuwa ba a taɓa jin haske ya ci ta ba. A hankali ya ɗaga murfin fikafikan Katafila, ya danna fallayen da babban yatsa ɗaya bisa ɗaya har suka ƙare, ya mayar da murfin ya rufe ruf. Ba wanda zai gani. Ya ci kazarsa da daɗin rai.

A ƙofar cibiyar akwai ɗan gidan aljanun wuri, gabansa jere da kwalaben jan lemo, kowace da tsinken sha. Kawu ya nuna da haɓa.

"Su wa ke ajiyewa?"

"Duk wanda layinsa ya zo," in ji Fong. "Waccan ta ƙarshe tawa ce."

Nan ya ƙara samun natsuwa. In masu ilimi suna ba aljanu lemo, ai shi bai yi wani abin a zo a gani ba.

Ginin zagayayye ne, ya fi filin kasuwarmu faɗi, cikinsa bututu da wayoyi ta ko'ina da wani gunji mara yankewa. Ya tambayi ina fitilar take, Fong ta ce duk ginin ne fitilar. Malamarta, Malama Wilai, 'yar ƙaramar mace mai furfura da tabarau rataye a wuya, ta haɗa tafuka ta gaishe shi, sannan ta sunkuya ta gai da Katafila. Daga nan Kawu ya yanke cewa matar nan ta san abin da take yi.

Fong ta kafa ƙwaron da ɗigon kakin zuma a kan wani ɗan turke cikin wani ɗaki mai ƙofar dalma. Kyamara na can nesa da shi a ƙarshen dogon tebur. Aka ce kowa ya fita.

"Ni zan zauna da shi. Bai saba da baƙi ba."

"Ba a zama, Kawu," in ji Malama Wilai. "Ko ni ba na zama."

"To shi fa?"

Fong ta jawo hannunsa suka fita. Jiniya ta yi kuka, ƙofa ta rufu da nauyi, suka koma gaban allon kallo. Fong ta danna wani abu, allon ya yi toka-toka, sai ga Katafila ya bayyana kamar an ƙera shi da gilashi, ana hangen cikinsa. Sai dai daidai inda ake son gani wani abu ya shimfiɗu, mai tamoji-tamoji da layuka masu haske birjik, ya rufe komai.

Malama Wilai ta ɗora tabarau. Ɗalibai biyu suka baro teburinsu, ɗaya ya fito da waya yana ɗauka. Wani ya ce bai taɓa ganin wannan a kowane ƙwaro ba. Wani ya ce wataƙila manyan mazan ne kaɗai ke da shi, shi ya sa suke da ƙarfi.

Kawu Inkham mutum ne da zai iya yarda da abin da ya san ba haka ba ne, muddin yabon ƙwaronsa ne. Ƙirjinsa ya buɗe. Ya matso ya ture ɗalibi ɗaya da kafaɗa.

"Ai na faɗa! Na faɗa ba irin sauran ba ne. Ku duba nan, ku duba jijiya!"

Ya dangwala babban yatsansa a jikin allo.

"Abin nan ba ya motsi," in ji Malama Wilai a hankali. "Duk abin da ke cikin mai rai motsi yake yi. Wannan ya fi kama da ƙarfe. Kashe hasken, Fong."

Fong ta kashe, amma ba allo take kallo ba. Yatsan ubanta take kallo, inda wani abu ke ƙyalli a gefen farce.

"Baba, mu ga hannunka."

"Man inji ne."

"Tun yaushe man inji ya koma ruwan zinariya?"

Aka buɗe ƙofa, ta fito da Katafila, ta ɗaga murfin fiffike da tsinke. Ga ta nan, falle bisa falle, a cukurkuɗe, tana walƙiya kamar gwiwar mutum-mutumin gidan ibada ranar biki. Malama Wilai ta yi ƙoƙari, ta cije leɓe, ta juya baya, daga ƙarshe ta fashe da dariya har ta dafa tebur, ɗalibai suka bi ta. Kawu ya yi ta cewa ai kariya ce, ai su ma ga lemonsu can a ƙofa. Dariyar ba ta tsaya ba sai da Malama ta ga fuskar Fong.

A bakin ƙofa wasu mutane uku na tsaye da akwatin ƙwayar shinkafa, su ne masu layi na gaba, babbansu yana ta duba agogo. Rana ta kusa tsakiya.

"To a goge a sake mana," in ji Kawu da ƙaramar murya.

"Abin da zai iya ɗauka ba tare da ya ji jiki ba ya riga ya ɗauka," in ji Fong. "A kan zinariya ya ƙare. In na sake mayar da shi zai rayu, zai ci rake, amma ba zai ƙara ɗaga kowa ba."

Ta ɓamɓare kakin, ta ɗora ƙwaron a kan rakensa, ta ɗaura zaren da kanta, ta miƙa masa da hannu biyu yadda ake miƙa wa babba abu.

"Sau ɗaya na ce maka, kuma an yi. Kai shi gida, Baba. Ka je ka kayar da Kawu Duangdi."

Da ta yi masa ihu da ya fi masa sauƙi. Ta juya ta fara naɗe wayoyinta ɗaya bayan ɗaya, Malama Wilai tana ce mata za a duba ko baɗi a sa ta a farkon layi. Kawu na tsaye da rake a hannu. Katafila ya kafa ƙafafunsa a jikin raken daram, da sauran ƙarfinsa cif, ƙarfin da Kawu ya yi shekaru yana jira. Ya hango gungume, ya hango taron mutane, ya hango bakin Duangdi mai haƙorin zinariya yana buɗewa da ƙyar zai ce Yaya. Ya daɗe yana son jin wannan kalma, ba kuwa kaɗan ba.

Sai ya ji wani sauti a ƙarƙashin gunjin injin, ɗan siririn fito. Ba wanda ya lura a ɗakin sai shi. Fong ta sa hannu a aljihu tana lalubar abin shaƙarta na asma, tana juya baya don kada a gani.

"Malama, akwai ɗan buroshi mai laushi? Da ruwa kaɗan."

Ya zauna a ƙasa dirshan ya tanƙwashe ƙafa, kamar a rumfarsa. Hannun da ya saba lalubar hujin da ido ba ya gani bai sha wuya ba wajen tsince zinariya. Yana yi yana magana ƙasa-ƙasa.

"Yi haƙuri, ɗan uwa. Kunnen Duangdi ya saba, bakina ma ya saba. Shekara ɗaya ce ta ƙaru, ba za ta kashe kowa ba."

"Baba, ka ji abin da na ce kuwa?"

"Layi lafiya lau yake, na ji ki. Karɓi, kafin masu shinkafa su cinye mu."

Jiniya ta sake kuka, ƙofa ta rufu. Wannan karon allo ya fito tas. Cikin Katafila cike yake da bututu, manya da ƙanana, sun yi rassa sun sake yin rassa kamar saiwar gora. Sai dai babu abin da ke motsi.

"Ya mutu?" in ji Kawu.

"Riƙe numfashi ya yi," in ji Malama Wilai. "Suna yin haka. Sai dai mu jira."

Jiran kuwa ba kyauta ba ne, hasken na kansa, kowa ya sani. Yatsan Fong na bisa maɓallin kashewa. Mai agogo ya leƙo, shi ma ya tsaya. Kawu ya matso har hancinsa ya kusa taɓa allo, bakinsa na motsi yadda yake yi a gefen gungume.

Sai babban bututun da ke tsakiya ya lafe, kamar tub ɗin da aka taka. Ƙananan suka bi shi gaba ɗaya. Sannan suka cika, suka sake lafewa, suka sake cika. Ɗalibai suka yi shewa, Malama ta ce kada kowa ya taɓa tebur. Kawu bai ji su ba. Shekara da shekaru yana neman iska a cikin baho, bai taɓa ganin ta tana shiga jikin mai rai tana fita ba. Abin da ya yi ta roƙo kenan da hannunsa a bayan yarinya, bai san kamanninsa ba sai yau. Idanunsa suka cika, fuskarsa ta fara yin wani iri.

Fong ta kashe hasken, ta dafa bayansa.

"Baba," ta ce, "numfasa mana."

Ranar faɗan ƙarshe duk ƙauye ya hallara a ƙarƙashin rumfar kasuwa. Duangdi ya zo da wuri da ƙwaronsa Kwamanda, da sabuwar riga, da 'ya'yansa maza uku waɗanda ba su san komai a duniya ba sai tseren babur. Kawu Inkham ya iso a makare. Ya ɗora Katafila a kan gungume, kowa ya ga yadda yake jan ƙafar baya, ya kama nan ya saki can. Bai ko fito da sandan murzawa ba. Ya miƙe, ya haɗa tafuka, ya ce da ƙarfi yadda na baya ma za su ji:

"Ka ci, Yaya."

Duangdi ya yi dariyar kwanukansa, amma ba ta yi tsawo ba, don cin da ba a yi faɗa ba ba shi da gishiri.

"Me ka yi wa buzuzun naka, ƙanena? Ka kai shi birni ya koyo lalaci?"

Kawu ya ciro waya. Fong ta turo masa hoton, ta kuma koya masa inda ake dannawa. Mutane suka yi cincirindo, wayar ta yi ta yawo daga hannu zuwa hannu, tsofaffi suna cewa a sake daga farko. Buakiang ma da ta ce ba za ta kalli cikin abincin kaji ba, sai da ta kalla har ta nemi a ƙara. Da wayar ta isa hannun Duangdi ya daɗe bai mayar ba. Daga baya ya jawo Kawu gefe, ya rage murya.

"Wai shi Kwamanda, za a iya yi masa irin wannan?"

"Layi ake bi, Yaya."

"To a sa ni a layin."

"Ba a nan take ba, Yaya. Sai kana da 'ya."

Duangdi ya waiwaya ya dubi samarinsa uku, ɗaya na ƙoƙarin tayar da babur da ƙafa ɗaya, biyun na yi masa ihu.

Da yamma, kamar yadda ake yi in damina ta ƙare, masu ƙwari suka kwance zare suka saki nasu. Kawu ya kai Katafila cikin gorar da ya kama shi, ya ɗora shi ƙasa-ƙasa inda ba sai ya hau ba, ya ajiye masa guntun rake a gefe. Ya daɗe a tsugune kafin ya tashi.

Har yanzu yana nan a rumfarsa, benci bai daina ɗingishi ba. Fong ta gama karatunta, ta aiko masa da hoto babba na bututun nan, ya rataye shi sama da baho. In ka tsaya faci zai nuna maka, ko ka tambaya ko ba ka tambaya ba, kuma tayarka za ta jira. Duangdi yana wucewa kullum da safe, sai dai ya daina danna oda. Kawu ne yanzu yake hango shi tun daga nesa, ya ajiye tub, ya fito har bakin titi yana ɗaga hannu.

"Yaya! Barka da safiya, Yaya! Ya yaran? Suna nan suna babur?"